Wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kicin ɗina, ko wa ya san mene ne?

Maman Rabi, Nima: Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min. Kullum da safe sai in tarar da wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa kamar garin masoro a cikin kabad ɗin da nake aje gari da shinkafa, har da bayan firij, in na share gobe sun dawo. Maigida ya ce gawayin kurfotin maƙwabta ne iska ke kawowa, to iska ce za ta buɗe kabad ta shiga?

Hajiya Mamobi: Wa alaikumus salam 'yata, kashin kyankyaso ne wannan, ƙananan nan masu ruwan ƙasa. Bayan firij akwai ɗumin inji shi ya sa suke taruwa can. Ki jiƙa tsumma ki goga, in ya bar shatin ruwan ƙasa to su ne, kuma da dare ki kashe wuta ki jira kaɗan ki kunna, za ki ga gudu da idonki.

Ɗan Sabon Zango: Hajiya kar a yi saurin yanke hukunci fa, a duba siffar tukun. Na ɓera ya fi girma, kamar ƙwayar shinkafa da tsini a baki biyun, na tsaka kuma akwai ɗan fari a gefe ɗaya. In ɓera ne Maman Rabi kar ki share shi a bushe, ki zuba ruwan bilic ya jiƙe sannan ki kwashe da safar hannu, kin dai tuna an samu zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, a nan Accra a 2023.

Maman Rabi, Nima: A'a Yaya bai kai shinkafa ba wlh, siriri ne sosai. Na goga yanzu ya yi shati kamar yadda Hajiya ta ce.

Hajiya Mamobi: To kin gani. Feshi kaɗai ba zai yi ba don ba ya kashe ƙwan, ki juye garin da shinkafar a roba mai murfi, kar kwano ya kwana ba wanki, ki nemi hodar boric acid ki barbaɗa kaɗan a lungu inda yara ba sa kaiwa. Amma in gidan haya ne sai kun haɗa kai da sauran 'yan hayan, in ba haka ba daga ɗakin maƙwabta da gwata za su sake hawowa.

Maman Rabi, Nima: Nagode Hajiya, bari in fara da maganar 'yan hayan, can ne rigimar take.