Neman kalma: me za mu kira "tornado" da Hausa?

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Ina neman agajinku cikin gaggawa. Ranar Alhamis za mu ɗauki shirin rediyo a kan iskar nan da Turawa ke kira tornado, da sauyin yanayi, da yadda abin ya shafi ginin gidaje a Amurka. In na ce "guguwa" kawai, mai sauraro zai hango wadda ke tashi da rana tsaka ta kwashi ƙura da tarkace ta wuce. Wadda nake nufi kuwa ita ce ta auka wa garin Joplin na jihar Missouri ran 22 ga Mayu 2011, ta kashe mutum sama da 150. "Mahaukaciyar guguwa" kuma mun riga mun ba manyan guguwa masu tasowa daga teku, irin su Katrina. Me zan ce?

Malamin Labarin Ƙasa: Wa alaikumus salam Malama. "Guguwar hadari". Dalilina shi ne asalin kowacce daban yake. Guguwar da muka sani daga ƙasa take tashi, in rana ta gasa ƙasa, ko da babu gajimare ko ɗaya a sama. Ita kuwa wannan daga jikin hadari take saukowa, tana juyawa har ta taɓa ƙasa. Sai an sami iska mai ɗumi da laima a ƙasa, mai sanyi a sama, ga kuma gudun iska da alƙiblarta suna sauyawa gwargwadon yadda aka yi sama. Shi ya sa tsakiyar Amurka ta zama gidanta: laima na taso mata daga Tekun Meksiko, busasshiyar iska daga yamma, sanyi daga Kanada. A kan sami fiye da 1,000 a ƙasar kowace shekara. Irin su Katrina kuma a bar musu "guguwar teku", don a kan ruwa mai ɗumi suke haɗuwa, faɗinsu ɗaruruwan kilomita, su yi kwanaki. Wannan kuwa yawanci faɗinta bai kai kilomita ɗaya ba, kuma cikin mintuna take gama ɓarnarta.

Edita: A baki ta yi daidai. A rubuce fa? In aka ɗora shirin a Facebook, rabin masu sharhi ba sa saka ƙugiya, don haka ba su bambanta hadari da haɗari. Za a karanta ta a matsayin guguwa mai hatsari, bambancin da Malam ya sha wahalar fitarwa ya tafi ke nan. Ni dai "guguwa mai mazurari" na fi so, siffarta ke nan.

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda kin zo ga amsa: Murɗau. Kalma ɗaya, ba jimla ba. Hausa na da wannan tsarin tun fil azal: mai yawan mantuwa mantau, mai yawan makara makarau, mai jure wahala jimrau. Iskar da aikinta murɗe itatuwa da rufin gidaje, murɗau ce. Na daɗe ina faɗa a wannan zaure cewa duk harshen da ke kiran abu da bayani mai kalma uku-huɗu bai ba abin suna ba tukuna. "Murɗau ta rusa gidaje a Oklahoma." Ku furta ku ji yadda ta zauna a baki.

Edita: Allah ya ƙara girma Baba, amma ni da na gani murɗawar ciki ce ta fara faɗo mini.

Ustaz: Me ya sa za mu ƙirƙira alhali akwai kalma? "I'isari". Tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 266, guguwar da ke da wuta a cikinta ta ƙone gona. Larabawa ma da ita suke amfani a labaransu na yau.

Malamin Labarin Ƙasa: Allah ya gafarta Malam, su ma da ita suke kiran guguwar teku, sai sun ƙara mata siffa kafin a gane wadda ake nufi. Mun aro kalmar tare da matsalarta ke nan.

Ɗalibin Fassara: A ce "tonado" mana a huta. Mun ce rediyo, mun ce kwamfuta, mun ce siminti, ba wanda ya mutu. Kuma Baba, da girmamawa, murɗau ɗin nan ai fassara ce ta laƙabin da Amurkawa ke yi mata, mai ma'anar mai murɗawa. In aro ne ba a so, ita ma aro ce ta bayan gida.

Baba Mai Ƙamus: Yaro, ban duba bakin Bature ba kafin na gina kalmata. Daga "murɗa" na ɗauko ta, kuma "murɗa" ta girmi kakanka. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan: duk abin da ya zo daga waje sai ku liƙa masa wasali a ƙarshe ku ce ya zama Hausa. Siminti abu ne da aka kawo mana da sunansa. Iska fa? Harshen da ke da guguwa, da holoƙo, da hazo, da buji, shi ne zai rasa sunan iska har ya je roƙo? Ku 'yan gidajen rediyo ku kuka lalata kunnen jama'a, kowace iska ta zama "mahaukaciya" a bakinku.

Edita: A nan kam ban yarda ba, Baba. Kalmomi nawa aka zauna aka ƙirƙira a tarurrukan jami'o'i suka mutu a cikin takarda? "Sauyin yanayi" da kowa ke faɗa yau, a bakin masu karanta labarai ta yi ƙafa. Mu ne ke fuskantar mai sauraro, minti uku gare mu ya gane ko ya juya tasha.

Ustaz: Kuma a lura, in kalma ta fito daga Larabci sai a ce tsohon yayi, in daga Turanci sai a ce ci gaba. Littafi da alƙalami daga ina suka zo?

Baba Mai Ƙamus: Ni ban ware kowa ba. Aro aro ne.

Injiniya: Don Allah malamai, baiwar Allah nan Alhamis take da shiri. Malama, ko wace kalma kika ɗauka, abin da nake roƙo shi ne kada ta sa mai sauraro ya ɗauka babu abin da magini zai iya yi. Nan ne "mahaukaciya" ke cutarwa, don tana nuna abin ya fi ƙarfin dabara. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi tun 2007, wanda aka gyara daga na masani Ted Fujita na 1971, ya kasa su shida, daga EF0 zuwa EF5, kuma da ɓarnar da aka gani ake ƙiyasta gudun iskar. EF5 ita ce wadda ta haura kilomita 320 a awa, kuma ba kasafai ake samunta ba. Mafi yawansu EF0 ne da EF1. Ko a babbar ma, ba duk faɗin hanyarta ne ke samun mafi tsananin iskar ba, gidajen gefe iska mai sauƙi suke sha. Waɗannan gidajen ana iya cetonsu.

Yadda gida ke faɗuwa sananne ne. Iska na tsotsar rufi ta sama. In ta fasa ƙofar gareji ko taga ta shiga ciki, sai ta riƙa tura shi ta ƙasa kuma. Rufin da ƙusa kawai ke riƙe da shi sai ya tashi, da ya tashi bango ya rasa abin da ke riƙe kansa, sai ya kife. Gidajensu galibi na katako ne, don haka maganin shi ne ɗauri kamar sarƙa: rufi da bango a haɗa su da ƙarfe, bango da harsashin gini a ɗaure su da noti, kada a bar gaɓa ko ɗaya sake. Garin Moore na Oklahoma, bayan wadda ta kashe mutum 24 ran 20 ga Mayu 2013, ya sauya dokar gininsa a 2014: sabon gida sai ya iya jure iskar kilomita 217 a awa, maimakon 145 na da. Don EF5 kuwa ba gidan ake ƙoƙarin ceta ba, rai ake ceta, da ɗaki guda na kankare da rodi ko na ƙarfe, wanda aka tsara ya jure kilomita 400 a awa. Ni "ɗakin tsira" nake kiransa. Kuma ki ambaci masu zama a gidajen nan marasa harsashi da ake jawowa da mota, don su ne mutuwa ta fi yi wa yawa.

Mai Shirin Kimiyya: Injiniya, Allah ya saka da alheri, "ɗakin tsira" ta shiga rubutu yanzu. To jimlar buɗewa fa: "Sauyin yanayi ya ƙara yawan wannan guguwa." Ta yi?

Malamin Labarin Ƙasa: A'a Malama, cire ta. A kan tsananin zafi da mamakon ruwan sama hujja ta yi ƙarfi, don duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi a ma'aunin Salshiyos na sa iska ta riƙe ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. A kan wannan guguwa kuwa masana ba su yanke ba, saboda ƙarama ce, gajeriyar rayuwa gare ta, kuma yadda ake ƙirga ta ya sauya tun da na'urorin hango hadari da wayoyi masu kyamara suka yawaita. Abin da aka gani biyu ne. Ranakun da take aukuwa sun ragu, amma ranar da ta zo takan zo da yawa a tare. Sannan binciken masana biyu, Gensini da Brooks, na 2018 ya nuna tana raguwa a sassan Texas da Oklahoma, tana ƙaruwa ta gabas, wajen Arkansas, Mississippi, Tennessee da Alabama. Wannan ne ya shafi gini kai tsaye, don can mutane sun fi cunkuso, gidajen da ake jawowa sun fi yawa, kuma takan zo da dare. Ta Mayfield a Kentucky da dare ta zo, ran 10 ga Disamba 2021.

Baba Mai Ƙamus: Duk wannan bayanin da murɗau zai fi daɗin ji.

Mai Shirin Kimiyya: Baba, ban raina kalmarka ba, amma ba zan iya gwada sabuwar kalma a shirin da ke maganar rayuka ba. Ga abin da zan yi: a farko in ce "guguwar tonado, wato guguwar da ke saukowa daga hadari tana juyawa", daga nan sai in ci gaba da "guguwar hadari". Katrina kuma "guguwar teku". A rubutun intanet zan bar "guguwar tonado" saboda maganar ƙugiya.

Baba Mai Ƙamus: "Guguwar hadari" Hausa ce, ba zan yi jayayya da ita ba, ko da yake bayani ce ba suna ba. "Tonado" kuwa ban sa hannu ba. Ni a rubutuna murɗau zan ci gaba da sawa.

Ustaz: Ni ma ban gamsu ba, amma lokaci ya ƙure mata.

Edita: Saura guda, Malama. Hukumar hasashen yanayin Amurka na da sanarwa iri biyu: ɗaya in yanayi ya nuna tana iya aukuwa, ɗaya in an gan ta ko na'ura ta hango ta. In kika kira su duka "gargaɗi" kin haɗe su. Na farko na ce "sanarwar zama cikin shiri". Na biyun ne ban samu gajeriyar kalma ba, wa ke da ita kafin Laraba da dare?