SSH ya ƙi bari na shiga saba ta

Bakatsine: Salam 'yan uwa, jiya na sake saka Ubuntu (wani nau'in Linux) a VPS ɗina (sabar haya a intanet), yau ssh (manhajar shiga saba daga nesa) yana ta min ihu wai REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED, ko dai an yi min kutse ne?

Na Zariya: Kwantar da hankalinka malam, tunda ka sake saka OS, wato Ubuntu ɗin, ai mabuɗin da ake gane sabar da shi ya canza, kwamfutarka kuma tsohon ta riƙe a fayil ɗin known_hosts. Buga ssh-keygen -R da IP ɗin sabar don goge tsohon, shikenan.

Hajiyar Linux: Amma in ssh ya tambaye ka ko ka yarda da sabon mabuɗin, kar ka danna yes haka kawai fa, shiga ta console na kamfanin VPS ɗin ka buga ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub ka gwada fingerprint ɗin (gajeren tambarin mabuɗin) da wanda ssh ya nuna maka, in bai zo ɗaya ba to akwai matsala.

Bakatsine: Ya zo ɗaya, na shiga, Allah ya saka.