Robar nan da ake kwana da ita a baki, me za mu kira ta da Hausa?

Malamin firamare, Ringim:
Salamu alaikum jama'a, yau ni ne da neman taimako. Ashe na daɗe ina gurza haƙora cikin barci ban sani ba, sai da uwargida ta gaji ta ce malam wallahi kamar ana ɓarzar masara a ɗakin nan, ga shi kullum in tashi muƙamuƙi a ƙage gefen kai na sara. Likitan haƙori a Kano ya duba ya ce turamen sun fara cinyewa, ya ce in riƙa kwana da wata roba da bature ke kira night guard. To jiya Inna ta gan ta cikin kofi ta ce ikon Allah yaushe ka fara sa haƙoran roba, na buɗe baki zan mata bayani na rasa sunan da zan kira abin. Ku taimaka da kalma, kuma iri biyu ne, akwai na kanti akwai wanda likita ke yi maka daidai bakinka.

Ɗan Gumel:
Takunkumin haƙori mana malam, ai an gama.

Kawu mai ritaya:
A'a ɗana. Takunkumi hana ci yake yi, shi ake ɗaura wa jaki ko sa kar ya yi ɓarna a gona, kuma daga waje yake. A 2020 da aka liƙa wa ƙyallen korona sunan nan ma ba kowa ya ji daɗi ba, an dai haƙura ne don ya riga ya bi gari. Kar a ƙara mana wani.

Ɗan Gumel:
To linzami, shi ai a cikin baki yake Kawu 😂

Malamin firamare, Ringim:
Kai dai ka rantse sai ka mai da ni dabba. Amma tsakani da Allah na kantin da na fara saya linzamin ne sak. Ruwa za ka tafasa ka tsoma shi ya yi laushi ka kai baki ka ciza ka danna da yatsu sannan ka jefa a ruwan sanyi ya sandare, na yi duk yadda takardar ta ce amma abu ya cika min baki dam, leɓe ba ya rufuwa, yawu ya jiƙa matashi, bayansa na taɓa min ganɗa sai in ji amai na taso min, kuma kusan kullum da asuba a kan katifa nake tsintar sa. Sati biyu na jefa shi a akwati.

Anti ma'aikaciyar lafiya, Dutse:
Malam haka yawanci suke cewa. Na kanti awo ɗaya aka yi wa kowa shi ya sa yake da kauri, kuma robar mai laushi ce, wasu in suka ji ta a baki sai su yi ta taunarta kamar cingam, muƙamuƙin da ake so ya huta ya ƙara shan aiki. Shi kuwa na likita, wani ƙulli ake zubawa a ɗan faranti a danna maka a haƙora ya ɗau siffarsu, a zuba farar ƙasa a ciki a fitar da gunkin bakinka, a kan gunkin ake ƙera shi. Bai fi kaurin milimita 2 zuwa 3 ba, yana kama haƙora ƙam, in wani gefe na damunka ka koma a goge. Amma a sani fa, duk cikinsu babu mai raba mutum da gurzar, haƙoran kawai yake karewa. Damuwa da taba da yawan shayi ko goro da yamma duk suna ƙara abin. Ni dai a wajen aiki kariyar haƙori muke cewa.

Kawu mai ritaya:
Sannu 'yata, mun ƙaru. Sai dai kariyar haƙori ta yi faɗi, asuwaki ma ai kariyar haƙori ne. Ni bayaninki ne ya ba ni kalmar. Abu ne da ake sawa tsakanin abu biyu masu tauri don kar ɗaya ya ci ɗaya, bai rage nauyin kaya ba amma kai bai ji jiki ba. Wannan ai gammo ne. Gammon haƙori.

Wata daga Kazaure:
Kai Kawu Allah ya ƙara basira, duk wadda ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya ta gane ba sai an mata fassara ba. Ni da takalmin haƙori zan ce saboda maganar awo, amma na janye.

Mai kemis, Wudil:
Gammo ya zauna. Amma kar ku kashe mana kasuwa jama'a, na likita ya ninka na kanti kuɗi nesa ba kusa ba ga kuɗin mota zuwa birni sau biyu, manomi da damina ina zai samu. Da babu ai gara ba daɗi, kuma akwai waɗanda na kantin ya zauna musu lafiya lau.

Malamin firamare, Ringim:
Gaskiyarka Alhaji, amma araha ba ta ado, wanda yake cikin akwati me ya kare min? Na likitan daren farko na ji shi ya ɗan matse, kwana huɗu na manta ma yana baki, har magana nake yi da shi a ji ni. Saura sunan iri biyun Kawu.

Kawu mai ritaya:
Wannan ai tela ya daɗe da raba mana gardama. Gammon awo da gammon kanti. Wanda ake tsomawa a ruwan zafin in kun ga dama ku ce na dafawa.

Malamin firamare, Ringim:
Yanzu na fito daga ɗakin Inna, na ce mata gammon haƙori ne na awo. Ta jujjuya shi a hannu ta ce to, wane kaya kake ɗauka da baki cikin dare, ta ce in bar goron la'asar kuma in daina ajiye shi a kofin shan ruwanta.