Zoben tagullar bindigar Baba ya ƙi daina yin kore

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Bindigar toka ce ta farauta da Baba ya bar mana a ƙauyenmu wajen Ringim, tana da zobban tagulla guda 3 a jikin ƙotar, tun da damina ta sauka suka yi kore shar kamar gansakuka. Na goge da toka da lemon tsami suka yi fes, bayan kwana 5 koren ya dawo, na jiƙa tsamiya na sake dirzawa sai ruwan ya gangara cikin katakon ya bar baƙin tabo, wallahi abin ya dame ni. Man gyaɗa kuma ƙura kawai yake kwasa ya yi danƙo.

Me zan shafa wa tagullar bayan gogewa da zai hana koren dawowa kuma ba zai ɓata katakon ba?