Kalmar "portrait": ni dai "zanen siffa" nake gani

Malaman Hausa da masu zane, ina neman ra'ayinku. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan zanen Turai na ƙarni na 15 da na 16, zamanin farfaɗowa, sai na cije a kan kalmar "portrait", wato zanen wani mutum takamaimai. Na rubuta "hoto" na goge, domin na fasfo ma hoto ne, na gida da na mota duk hoto ne.

Ga abin da nake so kalmar ta ɗauka. Wajen 1473 Piero della Francesca ya zana Federico da Montefeltro, mai mulkin Urbino a Italiya, da matarsa Battista Sforza. Zanen yana gidan adana zane-zane na Uffizi a birnin Florence. Federico ya rasa idon dama a wasan mashi bisa doki, karan hancinsa ma ya samu rauni, shi ya sa aka zana shi ta gefen hagu. To amma wannan tsayuwa ta gefe ita ce ta sarakunan Rum a jikin sulalla. Ga jar hula, ga jar riga, a bayansa tuddai da ruwa sun miƙe, wato ƙasar da ke hannunsa. Makantar ta ɓuya, sarauta ta fito.

Wani ɗan'uwa ya kawo "zanen kamanni". Yana da daɗi a baki, sai dai kamanni a fuska da jiki suke tsayawa. Ku dubi Georg Gisze, ɗan kasuwa daga birnin Danzig da Hans Holbein ya zana a Landan a 1532: wasiƙu, hatimi, ma'auni, dardumar Turkiyya shimfiɗe a kan tebur. Rabin mutumin a cikin kayan nan yake.

Wata malama kuma ta ce "zanen kirari", kuma wallahi ya zauna mini a rai, don kirari ma asali da matsayi yake faɗa. Ya dace da zanen Sultan Muhammadu Fatih da Gentile Bellini ya yi a Istanbul a 1480, mai ɗauke da kambunan mulki. Abin da ya hana ni karɓa shi ne zanen wani tsoho da Ghirlandaio ya yi wajen 1490, wanda ke gidan tarihi na Louvre a Paris. Hancinsa duk ƙuraje, mai zanen bai rage ko ɗaya ba, ga ƙaramin yaro ya ɗora hannu a ƙirjinsa yana kallonsa da ƙauna. Babu maroƙin da zai ambaci wannan hanci, amma tausayin tsohon ta nan ya fi bayyana.

Shi ya sa na tsaya a kan siffa. Muna cewa siffar jikinsa, muna kuma cewa haƙuri siffarsa ce, kalma ɗaya ta haɗa waje da ciki. Jam'i "zane-zanen siffa", mai aikin "mai zanen siffa", wanda ya zauna aka zana shi kuwa "wanda aka siffanta".

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, idan kun ji "zanen siffa", hali yana zuwa muku a rai ko jiki kaɗai kuke ji?