Zan iya daina sa gishirin nitrait a sosej tunda ina zuƙe iskar leda?

Uwargida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina yin sosej na naman sa, in kyafa shi da hayaƙi marar zafi, in zuba a leda, inji ya zuƙe iskar, sai firij. Tun da na ji cewa a 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo cutar, hankalina ya ƙi kwanciya da gishirin nitrait ɗin nan mai ruwan hoda da ake sa wa nama don kada ya lalace. Tunda ga sanyi, kuma babu iska, ba sai in bar shi ba?

Mai Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki cire shi. Ƙwayar cutar da ake kira Clostridium botulinum inda babu iska ne ma take samun sakewa, kuma cikin sosej ɗin da ya daɗe a hayaƙi mai ɗumi wurinta ne. Gubarta tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, sau da yawa kuma naman bai canza wari ko kamanni ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne babu dabara ɗaya da ke tsare nama ita kaɗai. Wani masani Bajamushe, Lothar Leistner, shi ya yaɗa wannan tunani tun wajen 1978: a jera wa ƙwayar cuta shinge bayan shinge, wadda ta tsallake na fari ta zo na biyu a gajiye. Gishiri da shanya suna rage ruwan da take sha. Tsami yana takura ta, botulinum ba ta yaɗuwa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 4.6, amma yawancin sosej ba ya kai nan, shi ya sa nitrait ke cike gurbin. Sai dahuwa, sai sanyi. Da yake suna taimakon juna, ba sai kin tsananta ko ɗaya har naman ya ƙi ciyuwa ba.

Damuwarki tana da tushe, maganinta awo. Idan gishirin naki mai nitrait kashi 6.25 cikin ɗari ne, giram 2.5 ake sa wa kilo ɗaya na nama. A sikeli, ba da cokali ba.

Tsohon Mahauci:
Ni fa firij ɗin ne nake so a daina dogara da shi haka kawai. Wata ƙwayar cuta, Listeria, tana ci gaba da hayayyafa a cikin sanyi, a hankali dai. Ita ce ta kashe mutum sama da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, ta hanyar naman da aka riga aka dafa. Dahuwa tana kashe ta, amma takan dawo bayan an sauke: wuƙa, katako, hannu, injin yanka. Ƙanwata, ki kwance injin yankanki ki leƙa bayan faifan wuƙar, za ki ga kitse ya daskare a lungun. Nan take ɓuya.

Uwargida:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To idan na soke shi da ma'aunin zafi, nawa zan nema?

Mai Ɗakin Gwaji:
Amin. Digiri 71 na ma'aunin Celsius a tsakiyar sosej ɗin da ya fi kauri. Daga nan ki sanyaya shi da gaggawa, firij kuma kada ya haura digiri 4. Masu juna biyu da tsofaffi, ki sake ɗumama musu har ya yi tururi kafin su ci.