Sabon zangon Doctor Who: in zuba kuɗina ko in haƙura?

Ɗan Fadaman Mada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga suka kalla. Na bi Doctor Who, shirin BBC na Dokta mai yawo a sararin samaniya da zamani, tun daga dawowarsa a 2005 har ƙarshen zamanin Peter Capaldi a matsayin Dokta a 2017, daga nan hidimar makaranta ta ɗauke ni. Yanzu ga zangon Ncuti Gatwa na 2025 an gama, kashi takwas, ga kuma na 2024 shi ma takwas, ko ɗaya ban taɓa ba. Dubu goma ce a hannuna, kuma ba za ta ƙaru ba sai ƙarshen wata. Wani ya ce in ba shi dubu bakwai ya saka ni a akawun ɗinsa na kallo, wani ya ce in wuce shagon turi kawai. Wayata ta kusa cika. Sannan da ƙannena biyu nake kallo a tsakar gida, babbar ajinta biyu a ƙaramar sakandare. Shin ya cancanci kuɗin? Zan gane labarin in na tsallake na Jodie Whittaker? Yaran za su iya gani? Don girman Allah kada wanda ya faɗa min yadda aka ƙare.

Mai Shayin Yelwa: Wa alaikumus salam. Ka fara daga 2005 tukuna, zamanin Eccleston da Tennant. In ba ka ga waɗannan ba, ba ka ga komai ba.

Ɗan Fadaman Mada: Oga ai na ce na kalle su.

Mai Shayin Yelwa: To ka sake kallo.

Anti Nas: Ƙanena, za ka gane ko ba ka ga na Whittaker ba. Da gangan suka sa wa na 2024 suna zango na ɗaya don sabbin masu kallo, tunda Disney ta shigo da kuɗinta. Ni na fi son na 2025, saboda abokiyar tafiyar Dokta, Belinda, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta ɗaukar raini. Ita burinta a mayar da ita gida ta koma bakin aikinta, ba ruwanta da yawon taurari. Duk wadda ta taɓa kwana a asibiti tana duti za ta ji ta a jikinta.

Baban Khalifa Tumfure: Yaro, wannan dubu bakwai ɗin ka riƙe abinka. Zauna ka ji abin da ya same ni. Kun tuna Afrilun 2024 da aka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu, ga zafi kamar me? A cikin wannan halin aka fara zangon Gatwa na farko, ranar 11 ga Mayu. Wani yaro, ƙanin ƙawar maiɗakina, ya zo har gida ya ce yana da akawun na waje, in ba shi dubu goma sha biyu na wata uku. Har shayi aka dafa masa. Ya saita min komai a waya, ya sa VPN, ya nuna min yana aiki, na tura masa kuɗi a gabansa ya ga alat.

Kashi biyu na farko na kalle su lafiya, duk da na farkon, na jariran da ke magana a jirgin sama jannati, dodon cikinsa da majina aka yi shi. Na ce ba komai, a yi haƙuri. Mako na gaba aka saki wanda Steven Moffat ya rubuta, inda Dokta ya taka nakiya ba halin ya ɗaga ƙafa. Na gayyaci abokai uku, na sayi fetur wurin 'yan bumburutu da tsadarsa, na tayar da janareta, maiɗakina ta yi mana dambu. Mun zauna, mutum yana tsaye kan nakiya da ƙafa ɗaya, sai allo ya ce a shigar da lambar sirri. Na kira yaron, tana shiga ba a ɗauka. Na yi masa magana a WhatsApp, alama ɗaya. Kafin sallar isha ya yi bulokin ɗina. Abokan nan suka cinye dambu suka tafi suna dariya, fetur ya ƙone a banza.

Daga baya na gano mu tara ya sayar wa akawun ɗin, kuma shi ma ba nasa ba ne. Na je har gidansu. Mahaifinsa dattijo ne mai mutunci, ya ce a bar wa Allah, yaro ne. Yau maiɗakina da ƙawarta ko a biki suka haɗu sai dai gaisuwar nesa.

Sarkin Zolaya: Allah sarki Baban Khalifa. Kenan har yanzu Dokta yana nan tsaye kan nakiyar yana jiran ka dawo?

Baban Khalifa Tumfure: Kai ba ka da mutunci. Ni ba abin dariya ba ne a wurina.

Injiniya Gwallaga: Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Manhajar kallo ta Disney+ ba ta buɗe a Najeriya a hukumance ba, a Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Afirka suka buɗe a 2022. To duk wanda ya ce zai sayar maka da akawun a nan, na wani ne a waje ake rarrabawa, ranar da mai shi ya farga shi ke nan. Shagon turi ya fi. A wajen Wunti naira ɗari ne kashi ɗaya, duka goma sha shidan dubu ɗaya da ɗari shida.

Ɗan Jahun: Ɗari? Yaushe rabonka da Wunti, Injiniya? Makon jiya aka caje ni ɗari biyu da hamsin, wai na Turawa ne mai nauyi.

Mai Shayin Yelwa: An cuce ka. Yaron da ke kusa da rumfata ɗari biyar yake zuba zango guda cif. Ɗalibai ke cika shagon.

Ɗan Jahun: Irin wanda in ka kunna fuskar mutum ta zama kamar an shafa mata koko, magana ta riga baki? Na gode.

Baban Khalifa Tumfure: A Gombe ma da na koma wurin masu turin, cewa suka yi ba su san shi ba, wai in karɓi fassarar Indiya. Duk yaron nan ne ya jawo min.

Bature na Leeds: Ni ban ga abin wahala ba. A iPlayer na BBC yake, har da tsofaffin tun na 1963 da suka rage. Gaskiya zangon 2025 ya yi kyau, musamman na biyar, wanda aka kafa labarinsa a shagon aski a Legas. Inua Ellams ne ya rubuta, kuma haifaffen Jos ne, maƙwabcinmu. Ana yi wa mutum aski yana ba da labari, labarin ne makamashin injin da ke tafiyar da su, ga gizo ƙato a waje. Na tuna tatsuniyoyin kakata a Misau. Akwai wurin da Dokta yake faɗin yadda, tunda ya zama baƙar fata, a shagon nan ne yake jin ya iso gida. Wanda ya zauna a Turai zai gane wannan.

Injiniya Gwallaga: Yallaɓai, da girmamawa, shawararka ba ta shafe mu ba. Kana zaune inda ba a ɗauke wuta, intanet ba iyaka, kana kallo kyauta, ka ce ba ka ga abin wahala ba.

Bature na Leeds: Kyauta? Fam 174.50 muka biya a 2025 na lasisin talabijin na shekara. Ka buga da canjin yau ka gani.

Sarkin Zolaya: To ka turo wa ɗan'uwanka dubu bakwai mana a rufe maganar.

Alhaji Tsohon Ma'aikaci: Yara, ku saurara. Ni na kalli shirin nan a talabijin mai baƙi da fari a gidan kawuna a Jos, kafin a haifi yawancinku. Tom Baker da dogon gyalensa na wuya, shi ya riƙe matsayin Dokta daga 1974 zuwa 1981. Kuma ku sani muna da haƙƙi a kansa. BBC ta goge kashi da yawa na shekarun 1960 don ta sake amfani da faifan. A 2013 aka sanar an gano tara daga cikin waɗanda suka ɓata, na zamanin Patrick Troughton, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, suna nan kan kanta cikin ƙura. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Mu muka adana musu tarihinsu.

Amma wannan na yanzu ban san shi ba. A da Dokta da ilimi yake warware matsala, ya duba, ya yi lissafi, ya yaudari Dalek, abokan gabarsa. Yanzu kullum wani wai ubangijin kiɗa, wani na haske, wani na mutuwa. Kimiyyar ta koma tsafi. Sannan mutum kullum cikin hawaye, ya sauya kaya kowane kashi kamar amarya.

Anti Nas: Baba, da girman kujerarka, shirin da jaruminsa ke da zuciya biyu, in zai mutu ya sauya jiki gaba ɗaya, tun 1966 ake haka, yau ne ya zama tsafi? Kuma kukan me ya yi? Capaldi ya yi fushi kun yaba, wannan ya yi hawaye kun ce ya lalace. Ka kalli wanda 'yan wani gari masu kuɗi suka gwammace su halaka da a ce baƙar fata ne ya cece su, ka ga fuskarsa a ƙarshe, sannan ka ce ba ya iya wasa.

Alhaji Tsohon Ma'aikaci: 'Yata, ke a 2018 kika fara. Ba a jayayya da wanda ya ga jiya.

Anti Nas: Baba ai kai ma ka ce kashi uku ka gani na sabon ka ajiye. Ni na gama goma sha shida. Tambayar yaron a kan sabon take.

Maman Ihsan: Tunda ba wanda ya taɓa maganar yara, bari in faɗa. Ka fara kallo kai kaɗai tukuna. A na 2024 akwai kashin da aka yi a gidan rawar Turawan da, akwai abin da ba za ka so ƙanwarka ta gani a tsakar gida ba, balle Hajiya ta leƙo. Wani kuma ban tsoro ne, na matar da ke tsaye daga nesa tana bin Ruby, abokiyar tafiyar Dokta, duk inda ta je. Ihsan sai da ta dawo ɗakina kwana. Maganar allolin nan ma sai ka zauna ka yi musu bayani.

Ɗan Fadaman Mada: Allah Ya saka da alheri Maman Ihsan. To batun wuri a waya fa?

Ɗan Jahun: Sayi memori. Amma ka kula, na sayi mai giga 64 a bakin titi dubu uku, ashe ko 8 bai kai ba, duk abin da aka zuba sai ya ƙi buɗewa.

Injiniya Gwallaga: Mai 64 na gaske ba ya yin ƙasa da dubu shida.

Mai Shayin Yelwa: Huɗu da rabi na sayi nawa, yana nan garau.

Sarkin Zolaya: Ku nemi irin akwatin Dokta mana, ciki ya fi waje girma. Ko da yake mu ma muna da shi, Keke Napep ɗin Muda Lawal ranar kasuwa: mutum bakwai, buhun masara da akuya.

Ɗan Gubi: Ni abin da ya ba ni haushi shi ne a ce zango biyu kacal Gatwa ya yi ya tafi, kawai sai ga fuskar Billie Piper a ƙarshe. Wadda ta fito a Rose, abokiyar tafiyar Dokta ta 2005 fa! Wannan ai neman masu kallo ne ƙarfi da yaji.

Ɗan Fadaman Mada: Innalillahi. Malam, me na roƙa a sama?

Ɗan Gubi: Ai tun 31 ga Mayun 2025 aka nuna, duniya duk ta sani.

Anti Nas: Ka goge mana, ba ka kyauta ba.

Baban Khalifa Tumfure: Gara shi labari aka ɓata masa. Ni kuɗi da zumunci na rasa. Kuma jiya na hango yaron a Jekadafari da sabuwar waya.

Injiniya Gwallaga: Ni duk ba wannan ba, datar ce ta ishe ni. Tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin da nake saya na wata yanzu ko mako biyu ba ya kaiwa. Kashi ɗaya mai kyan hoto ya kusa rabin giga, ka lissafa sau goma sha shida.

Ɗan Jahun: Ƙarin ma da sauƙi, zuƙewar ce. Na sayi giga biyar da la'asar, ban kalli komai ba sai gaisuwa a WhatsApp, da asuba aka ce saura ɗari uku. Na kira su, wata ta ce in duba ko wayata ce ke sabunta kanta.

Mai Shayin Yelwa: Ku riƙa yin na dare mana, ya fi araha.

Maman Ihsan: Na daren da sai ƙarfe biyu yake motsi? Ni da ke tashi ɗora kunu da asuba?

Bature na Leeds: Ku kashe sabuntawar manhajoji a saitin wayar, yawanci ita ke ci.

Ɗan Jahun: Yallaɓai na kashe tun bara. A Jahun in dai ba ka hau katanga ba, ko saƙon murya ba ya tafiya, amma datar tana tafiya. Wa ke da layin da ke ja sosai a wajen Bakin Kura? In sauya kawai.

Injiniya Gwallaga: Duk kanwar ja ce. Layi uku gare ni.